Notin da Usaini Bai Ɗaure Ba

Usaini bakanike yana sane ya ƙi ɗaure noti ɗaya. A gidan maƙwabcinsa Alhaji Tukur yake aiki, yana canza ƙarfen da ke ɗame sarƙar taimin, wadda ke daidaita aikin injin danƙareriyar motarsa. Har yau bai manta marin da Alhajin ya sharara masa a kasuwar Dutsin-Ma ba. So yake injin ya tarwatse masa a tsakiyar daji.

"An gama, Alhaji," ya ce, ya koma gareji yana murmushi.

Bayan la'asar ƙanwarsa ta kira shi.

"Yaya, naƙudar matarka ta zo da gardama. Amma kwantar da hankalinka, Alhaji da kansa ya ɗauke ta a motarsa zuwa asibitin Katsina. Yanzu ma sun wuce Kurfi."