Kina Lafiya?

Saƙon ya shigo da hantsi, daga adireshin imel na matarsa, wadda aka binne bara.

"Kina lafiya, maigida? Ina cikin matsala. Ki danna nan ki taimake ni."

'Yarsa ta leƙo ta bayansa, ta ja tsaki. "Baba, 'yan damfara ne suka shiga akwatin Mama. Ko 'ka' da 'ki' ba su bambance ba. Ka goge shi."

Ya sani sarai. Shekara talatin ya yi yana rubuta manhajar kwamfuta a Samaru, shi ya koya wa rabin unguwar gane ɓarawon intanet daga karyayyar Hausarsa. Bai danna komai ba. Ya sauya kalmar sirri, ya toshe hanyar da suka bi.

Amma ya ƙi gogewa.

Marigayiyar Bayarabiya ce, mai sayar da atamfa a kasuwar Sabon Gari. Ta iya ciniki da faɗa da Hausa, "ka" ɗin nan kaɗai ya gagare ta.

Ya gyara tabarau, ya ce, "Bar shi. Rabon da a ce mini 'ki' tun ranar da uwarki ta tafi."