Katin Yaya

"Wannan tarkacen za ka sa a kwamfutar wasa?"

Yaya ya sa yatsu biyu ya ɗaga katin hoton da ƙanensa ya zaɓo, wato na'urar da ke fito da hoton wasa a kwamfuta, kamar ya tsinci mushen ɓera. Ya ja tsaki. Wai ciki ɗaya suka fito da wannan yaron!

"Yaya, zai fa ɗauki wasan da nake so."

"Kai me ka sani? Zo ka ga kati."

Ya ja shi ɗakinsa, ya kunna tasa kwamfutar. Tun bara yake cika baki da katin da ke cikinta, wanda sai da ya rabu da babur ɗinsa kafin ya mallake shi.

"Ka ga bambancin? Ni ba a ruɗin idona."

Ƙanen ya leƙa bayan kwamfutar, ya daɗe bai ɗago ba.

"Yaya, ai wayar da ke kai hoto sikirin ɗin ba a jikin katin take ba."

Yaya ya juyo da akwatin kwamfutar a fusace. Wayar na maƙale can sama, a wani ramin daban. Ramukan katin kuwa duk suna toshe da marafansu na roba, yadda suka fito daga kwali. Ashe tun bara hoton da yake gani bai taɓa bi ta katin ba.