Mai Shiƙa da Iskar Jirgi

Gwaggon maigidana ce ta ba ni wannan misalin muna tsintar wake, ni kuma na ce bari in rubuta kafin in manta.

Ta ce wata mata ce a wani ƙauye, gobe sunan jikarta ta fari. Ta sussuke geronta tas, sai iska ta ɗauke ɗif. Kwana uku ko ganye ba ya motsi. In ta ɗaga ƙwarya ta zubo, tsaba da ƙaiƙayi tare suke saukowa. Ga dangin uban jaririya za su cika gida, ba tuwo, ba fura. Ana haka sai ga masu shirya fim da jirgi mai saukar ungulu, wai za su ɗauki jarumi yana saukowa daga cikinsa a filin bayan gari. Gari ya fashe, kowa ya tafi kallo. Da jirgin ya matso ƙasa, ɗankwalaye suka tashi, kaji suka watse, mutane na ta shewa. Ita kuwa tana can nesa gindin tsamiya, ta lura iskar da ke isowa wurin tana kwashe busasshen ganye amma ba ta taɓa tsakuwa. Ta je ta gaida matuƙin, ta ce, "Ɗan nan, za ka sake tashi?" Ya ce, "Iya, hular jarumi ta tashi, dole a sake."

Ta koma gida ta ɗauko geronta, ta shimfiɗa tabarma gindin tsamiyar, ta tsaya da ƙwarya a sama. Jirgi na sauka tana zubowa, ƙaiƙayi ya yi gefe, tsaba ta zauna. Hula ta sake tashi, mai ba da umarni ya dafe kai, ita kuwa a ranta tana cewa Allah ya ƙara. Sau bakwai aka yi kafin wani ya kawo shawarar a ɗaure hular da zare ta ƙarƙashin haɓa. A lokacin saura ƙwarya ɗaya, ta ce wannan rabon kaji ne. 'Yan kallo suka koma gida da ciwon wuya, ita kuwa kafin magariba ana jin lugude daga gidanta. Washegari baƙi suka ci suka yi guzuri.

Gwaggo ta ce kowa a filin nan idonsa biyu, amma ka ji dalilin da Hausawa ke cewa, hankali ke gani, ido gululu ne.