Faifan Hafiza

Hafiza ta sake ɗora allurar garmaho a kan faifan. Kafin ya rasu, mahaifinta, tsohon mai busa ƙaho a badujalar barikin Shadawanka, ya miƙa mata wannan faifan kiɗan jaz ya ce, "In kina son sanin matsayinki a wurina, ki saurari wannan."

Ta saurara har ta gaji. Ƙahon sai nishi yake kamar majinyaci, ganga tana jan ƙafa. Ashe kaya ta zame wa mahaifinta? Ashe da baƙin cikinta ya tafi?

Tana cikin kuka sai Baba Mijinyawa, abokin aikin marigayin, ya yi sallama. Ya kasa kunne, ya yamutsa fuska.

"'Yata, wa ya kashe kiɗan nan?"

"Haka yake, Baba. Haka mahaifina ya ɗauke ni."

Tsohon ya sunkuya ya murɗa wani ɗan maɓalli a jikin garmahon. Faifan ya ƙara gudu. Nan take ƙahon ya wartsake, ganga ta barke da murna.

"Rage masa gudu kika yi," in ji shi, idonsa ya ciko. "Ranar da aka haife ki, da wannan kiɗan mahaifinki ya yi ta tiƙar rawa a tsakiyar bariki, ko takalmi babu."