Shanun Huɗa Biyu, Caji Ofis Biyu

"Ni baƙi za su zo su buɗe mini durowa? Shekara ashirin da biyu ina cikin kakin nan!"

"To su buɗe mana, mutumina. Me ka ajiye a ciki, kunama?"

Baturen 'yan sandan tsallaken kogi ke nan da takwaransa na wannan ƙetare, a wurin ɗaurin aure, jama'a na rabon goro su suna musu. Abin da ya haɗa su wata hukuma ce da ke zagayawa tana tantance ofisoshin 'yan sanda, wanda ya cika sharuɗɗa ta ba shi takardar shaidar inganci. Na wannan ƙetare shi ya gayyato su da kansa. Mako guda suka yi suna masa bin diddigi: wa ke karɓar kayan da aka ƙwato, a ina ake rubutawa, makulli a aljihun wa yake kwana. Har igiyar ɗaure dabba sai da suka ja suka gani. Ya sha kunya, ya gyara, suka dawo suka ba shi takardarsa. Na tsallake kuwa ya turo tumbi gaba, ya karkata hula, ya ce shi littafinsa a ka yake, ba a koya wa kifi iyo.

Ana nan ruwan shuka ya sauka, ɓarayi suka kore wa wani manomi shanun huɗarsa guda biyu. Ka san idan lokacin huɗa ya kuɓuce, shekarar ce ta kuɓuce. Allah ya so shi, ɓarayin sun raba hanya, aka kama ɗaya da sa guda a wannan ƙetare, ɗayan kuma da ɗaya san a tsallake. Manomi ya fara da na kusa. Wata kofur ta jawo littafi ta karanto masa: fari, ƙahon hagu a karye, tsaga a kunne, ga hoton da aka ɗauka sa'ad da aka karɓe shi, ga sunan wanda ya ba shi ruwa da safe. Mai unguwa ya yi shaida, manomi ya dangwala yatsa, kafin azahar yana jan sansa yana ta sa musu albarka, har da rawar kafaɗa!

Sai dai garma ba ta tafiya da sa ɗaya. Ya hau kwalekwale ya haye zuwa ofishin tsallake. Sajan ya sosa ƙeya ya ce kofur ne ya karɓa. Kofur ya zaro ido ya ce shi ranar yana hutu. Kurtu ya ƙame kamar an shuka shi, ya ce lallai ya hango wani abu a gindin darbejiya, kuma ya yi kama da sa. Shi baturen ba ɓarawo ba ne, ko allurar wani bai taɓa ɗauka ba. Ya yi tsawa, ya yi gumi, ya laluba littafin nan na cikin ka, babu shafin da zai gaya masa hannun da san ya bi. Manomi kullum yana bisa benci, maƙwabta sun gama huɗa, gero har ya fara leƙowa.

Rana ta tara aka ce ya taso an samu. Aka zagaya da shi bayan ofis, ga wani tsohon jaki a ɗaure yana korar ƙuda da kunne. Manomi ya dubi jaki, ya dubi bature, bature ya dubi sajan.

Sajan ya gyara murya ya ce, "Baba, naka ne fa. Zaman ofis ne ya ramar da shi."



Masu iya magana dai sun riga sun faɗa: gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.