Fuskar Mai Kifi a Kabarin Sarki

Da aka yaye mayafin da ke kan mutum-mutumin kabarin sarki, majami'ar sufaye ta yi tsit, kowa ya zuba wa masassaƙin dutse ido. Shi bai taɓa ganin marigayin ba. Da aiki ya matse shi, sai ya kwantar da mijin ƙanwarsa a benci, ya sassaƙa irin fuskarsa a dutse, ya ɗora mata kambi.

Shugaban sufaye ya raɗa masa, "Kai, ɗan banza! Wannan ba mai kawo mana kifi ran Juma'a ba ne? Yau sai an sare hannunka."

Sarauniya, matar marigayin, ta dogara sandarta, ta sunkuya, ta daɗe tana kallon miƙaƙƙen hancin nan. Kafaɗunta suka fara girgiza. Sufaye suka ɗauka kuka ne, suka soma addu'a.

Ta ce, "Masassaƙi, in na mutu, ina za ka kwantar da nawa mutum-mutumin?"

"Nan gefensa, ranki ya daɗe."

Dariya ta ƙwace mata. "Shekara arba'in ina kwana da mai fuskar kwaɗo! Kada wanda ya taɓa wannan. Kuma ka matso da ni kusa da shi sosai."