Kakin Marigayi Radovan

Kyandir ya fara tsiyaya a kan burodin biki, baƙin hayaƙi na tashi, ga fada, limamin coci, tsaye yana addu'a, ga baƙi cike da falo. Milunka ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ranar bikin shekara na waliyyin gidansu guda, kuma a gidan mijinta marigayi Radovan, mai kiwon zuman da ya shekara talatin yana sayar wa cocin ƙauyen kakin yin kyandir!

Fada na rufe baki Milunka ta juya kan matar ɗanta.

"Zorka, kin kyauta! Kakin kanti mai warin kananzir kika narka mana? Ba tsantsar kakin zuman Babanku na akwati na ce ki ɗauko ba?"

Zorka ta sunkuyar da kai. "Mama, mu ɗan shiga kicin."

"Ba inda za ni. Faɗi a nan kowa ya ji!"

Zorka ta dubi mijinta, ya kau da kai. Sai ta ce a hankali, "Na akwatin ne, Mama. Tun rasuwar Baba na gane rabinsa na kanti ne ya gauraya. Shekara shida ina sayo mai kyau a ɓoye. Bana kika rantsar da ni sai nasa."

Milunka ta laluba kujera ta zauna.

Can fada ya yi gyaran murya.

"Ashe shi ya sa duk shekara sai mun sake fentin rufin coci."